Na je neman dodo a kogon Postoina

Tun ranar da muka sauka Lubliyana na lura mutanen garin nan akwai wata alaƙa tsakaninsu da dodo. Lubliyana dai ita ce babban birnin Sulobeniya, wata ƴar ƙaramar ƙasa da ke maƙale tsakanin Italiya da Ostiriya da Hangari da Kuroshiya, mutanenta duka-duka miliyan 2 ne da ɗan ɗoriya. Wani taro na kwana huɗu ne ya kai mu ni da wani abokina a watan Yuli, kuma duk inda ka waiga a garin sai kai ido huɗu da dodon nan, irin mai fukafukai da jela kamar ta kada, baki a wangame. Yana kan tambarin birnin, yana jikin riguna da kofuna, har gada guda aka yi masa, Gadar Dodo, wadda aka buɗe a 1901, dodanni huɗu na tagulla suna zaune a kusurwoyinta sun yi kore shar saboda daɗewa.

Ana gobe za a rufe taron ne nake tsokanar wani dattijo ɗan ƙasar da muke zama kusa da juna, nace masa wai ku duk dabbobin duniya ba ku ga wadda za ku yi alfahari da ita ba sai wadda babu ita? Mutumin ko murmushi bai yi ba, yace min uban dai shi bai taɓa gani ba amma ƴaƴan suna nan da ransu, in ina so in gansu in hau mota in je Postojna, tafiyar awa ɗaya ce. Haka suke rubuta sunan, amma j ɗinsu y ce, don haka Postoina za ka ji suna cewa. Ni dai dariya nai. Abokina kuwa irin mutanen nan ne da ba a faɗin abu a gabansu ya wuce, kafin mu koma masauki har ya gama duba lokacin tashin bas, yace mutumina gani ya kori ji, ranar Asabar ba mu da komai, sai mun je.

Kilomita 50 ne da wani abu daga birnin. Hanyar ba wani abin labari, daji ne kore da tsaunuka da ƴan ƙauyuka masu jan rufi, mun wuce wani gari Vrhnika wanda a lokacin ban ma ɗaga kai na kalle shi ba, sai daga baya sunan ya dawo min. Abu ɗaya da na lura da shi shi ne ƙasar duk ta lotsa, ramuka ne zagayayyu kamar kwano a tsakiyar gonaki da cikin daji, wani ƙarami wani kuwa sai ya haɗiye gida. Ashe duk yankin a kan dutse ɗaya yake zaune, irin farin dutsen nan da ake ƙonawa a yi siminti da farar ƙasa, kuma ruwa ya gama rarake shi ta ciki. Yankin da ke gaba kaɗan wajen teku sunansa Kras, Jamusawa suka ce Karst, kuma daga nan ne masana duwatsu na duk duniya suka ɗauki sunan da suke kiran kowace ƙasa mai irin wannan hali, ko a Sin take ko a Meziko.

Mun isa wajen ƙarfe goma rana ta buɗe sosai, zafi ya kai digiri 30, ni kuwa ƴar riga ce mai gajeren hannu a jikina. A bakin shiga akwai inda ake ba da hayar wasu manyan mayafai masu kauri, abokina ya karɓi ɗaya ya yafa ya koma kamar wani tsohon boka, yace min Malam karɓi naka an ce ciki digiri 10 ne rani da damina. Nace haba dai, awa ɗaya da rabi ce fa kawai, ni da nake zufa. Yace to shikenan, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Kafin a kira rukuninmu muka leƙa ƙasa ta gefen hagu muka ga kogin Pivka, ba wani babban kogi ba ne a wannan lokacin na shekara, yana tafe a natse cikin bishiyoyi kawai sai ya shige wani baƙin baki a gindin dutsen ya ɓace. Wannan ɗan kogin da ban ɗauke shi a bakin komai ba wai shi ya haƙe duk abin da muka zo gani, sama da kilomita 24 na hanyoyi a ƙarƙashin ƙasa.

Da jirgin ƙasa ake shiga, wallahi jirgin ƙasa a cikin kogo. Ƙananan taragu ne marasa rufi, mutum biyu-biyu a kujera, ana tashi kuwa sai ya ɗiba da gudu, iska mai sanyi da danshi ta daki ƙirjina, kafin minti biyu na gane na tafka kuskure. Farkon hanyar bango da rufi duk baƙi ƙirin kamar madafin da ya shekara ɗari ba a share kunkunniyarsa ba, na ɗauka haka dutsen yake, ashe wuta ce. Lokacin yaƙin duniya na biyu sojojin Jamus sun ɓoye durom-durom na man jirgin sama wajen 1,000 a nan, a watan Afrilun 1944 mayaƙan sa-kai na ƙasar suka lallaɓo ta wata hanyar ciki suka cinna masa wuta, kwana bakwai tana ci. Yau shekara 80 da ɗoriya baƙin bai fita ba. Muna wuce nan sai wuri ya buɗe, fitilu suka hasko, ni dai ban san sanda na fara cewa Subhanallah ba. Jirgin yana kutsawa ta wasu ƙofofi da za ka rantse kanka zai bugu, kowa sai sunkuyawa yake duk da an ce ba abin da zai taɓa mutum in dai yana zaune, sai kuma ku faɗo wani zaure da aka rataye masa manyan fitilun gilas irin na gidan sarauta, wai a da nan ake taruwa ana rawa, kafin ka gama buɗe baki an wuce.

Layin dogon nan tun 1872 aka shimfiɗa shi, a lokacin ba inji, ma'aikata ne ke tura manyan baƙi a cikin ƴan kekuna. Lantarki kuwa an sa a 1884, kogo ya samu wuta babban birnin ƙasar yana kwana da fitilar mai. Amma labarin da ya fi burge ni na wani talaka ne mai kunna fitilu, Luka Čeč, wanda in da Hausa za ka rubuta sunansa Cec kawai za ka sa ka faɗe shi daidai. Bakin kogon an san shi tun da daɗewa, akwai sa hannun mutane a bango tun na shekarar 1213, sai dai ba wanda ya wuce ƴan zaurukan farko. A 1818 ana shirin zuwan sarkin daular Ostiriya, Faransis na ɗaya, aka sa Luka da abokan aikinsa su jera fitilu, shi kuma ya haye wani dutse a ƙetaren ruwa ya ɓace musu, har an fara cewa ya halaka sai ga shi ya dawo yana ihu wai ga sabuwar duniya can, ga aljanna can. Shekara ɗaya bayan nan, a 1819, aka buɗe wa jama'a. Sarkin da aka yi wa shirin ba kowa ke tuna me ya zo yi ba, mai kunna fitila kuwa kowane jagora sai ya ambaci sunansa.

Bayan kamar minti goma jirgin ya tsaya a gindin wani tudu da suke kira Babban Dutse, dutse a cikin dutse kenan, rufin kogon ne ya rufto tun zamanin da ba a san adadinsa ba ya tara tsibi mai tsayin mita 40 da wani abu. Daga nan sai ƙafa, kilomita ɗaya da rabi. Aka raba mu bisa harshe, muka bi wata mata jagora mai ɗan shekaru wadda daga jin maganarta ka san ta faɗi abin nan sau dubu amma har yanzu bai gundure ta ba.

Yanzu bari in gwada kwatanta abin da ke ciki, duk da na san baki ba zai kai ba. Iri uku ne manya. Akwai masu saukowa daga rufi, tsini a ƙasa kamar haƙoran wani abu. Akwai masu tasowa daga ƙasa, su sun fi kauri, kansu a dunƙule, jikinsu gaɓa-gaɓa kamar kyandir ɗin da ya narke ya daskare ya sake narkewa. In na sama da na ƙasa suka haɗu sai su zama ginshiƙi. Kuma in ka duba da kyau kowane na ƙasa akwai nasa na sama daidai saitin kansa, domin ɗigo ɗaya ne ke gina su su biyun, ya bar kaɗan a sama kafin ya faɗo, ya bar kaɗan a ƙasa bayan ya faɗo. Na tsaya kusa da wasu biyu da tazarar da ta rage tsakaninsu ba ta fi kaurin yatsana ba, ɗigon ruwa yana maƙale a bakin na saman yana ɗan rawa, yana kumbura a hankali, na ce sai na ga faɗowarsa, na jira na jira har rukuninmu suka yi nisa abokina ya dawo ya ja ni, bai faɗo ba.

Jagorar tai mana bayanin yadda abin yake, kuma tana cikin yi na tuna karin maganar nan ta ruwa ba ya tsami banza, don a nan kam ruwan tsami yake yi na gaske. Ruwan sama in ya sauka ya ratsa ƙasar daji, inda ganye da saiwoyi ke ruɓewa, sai ya kwashi iskar kabon ya ɗan yi tsami, ba tsamin da harshe zai ji ba amma ya isa ya riƙa lasar farin dutsen nan yana narkar da shi, shi dutsen kuma asalinsa ɓawon ƙananan halittun teku ne da suka taru suka danƙare tun yankin yana ƙarƙashin ruwa miliyoyin shekaru da suka wuce. Ruwan sai ya bi tsaga ya sauko ɗauke da narkakken dutse, yana isowa sararin kogo iskar kabon ɗin ta fice kamar yadda gas ke fita in ka buɗe kwalbar lemo, abin da ya ɗauko sai ya kasa riƙewa ya ajiye. Wato ruwan da ya rushe dutse a sama shi ne ke gina shi a ƙasa. Tace milimita ɗaya tak yana iya cin shekara 10, wani wurin ma fiye. Na kalli farcena, wanda a wata ɗaya yake ƙara wajen milimita 3, nai lissafi a raina cewa abin da nake yankewa in zubar duk ƙarshen wata aikin shekara 30 ne a wajen dutsen nan.

A nan ne nai abin kunya. Mun ƙetare wata ƴar gada da fursunonin yaƙi ƴan Rasha suka gina a 1916, muka shiga ɓangaren da suke kira Kyawawan Kogwanni, hanya ta matse, ga wani dutse a gefena yana sheƙi jiƙe kamar an shafa masa mai, hannuna kawai ya tafi da kansa. Ban kai ga taɓawa ba naji muryar matar daga gaba, ba tsawa tai ba, cewa kawai tai yallaɓai don Allah, kowa ya juyo ya kalle ni. Sannan ta nuna mana wani a bakin hanya da kansa ya yi baƙi ya yi santsi, tace wannan hannun mutanen da ne, maiƙon fata in ya hau dutse ruwa ba ya ƙara zama a wurin sai dai ya zame, girma ya tsaya kenan. Abokina ya matso ya raɗa min wai mutumina ka zo tun daga wata duniya za ka kashe abin da ya girmi kakan kakanka. Na soke hannuwana a hammata, dama sanyi ya ishe su.

Wannan ɓangaren shi ne inda zan so a bar ni ni kaɗai in yini. Akwai zauren da suke kira na Taliya, rufinsa gaba ɗaya siraran tsinkaye ne farare dubbai suna reto, kowanne rami ne a cikinsa kamar tsinken shan lemo, kaurinsa daidai faɗin ɗigo ɗaya, ta cikin ramin ruwan ke bi. Haka duk masu saukowa suke farawa, sai ramin ya toshe ruwa ya koma bin baya sannan su yi kauri. Akwai labule, wannan kam shi ya fi tsaya min a rai, inda rufi ya karkace ɗigo ba ya faɗowa sai ya gangara a layi ɗaya, shekara da shekaru yana bin sawun kansa har ya saƙa wani mayafin dutse mai lanƙwasa da naɗi kamar an shanya zane iska ta kaɗa shi, ga shi siriri har hasken fitilar da aka sa a bayansa yana ratsowa, kana ganin ratsi-ratsi ja da fari da ruwan ƙasa a jikinsa. Jan tsatsar ƙarfe ce da ruwa ya kwaso daga ƙasar sama, mai duhu-duhun wani ma'adini ne manganis, farin kuwa shi ne zalla ba gauraye. Kusa da wasu fitilun za ka ga gansakuka kore ta fara fitowa, wannan kuma laifinmu ne masu zuwa kallo, haske ne ya kawo ta, shi ya sa ake kashe fitilun da zarar rukuni ya wuce.

Sai kuma wasan da kowa ke yi na wannan ya yi kama da kaza. Jagorar ta nuna wani tace raƙumi, na yarda, tozon ya fito. Ta nuna wani tace kaza ce, abokina yace shi tsohuwa ya gani a durƙushe, wani ɗan Italiya a bayanmu ya rantse kan surukarsa ne. Gaskiya ni wannan ɓangaren bai cika burge ni ba, dutsen da ya shekara dubu ɗari yana tsiro a rasa abin da za a ce da shi sai kaza. Amma na lura ba mai iya dainawa, har ni, ido ba ya yarda ya ga abu bai laƙa masa suna ba. Wanda ya fi kowanne suna shi ne Briliyant, tsayinsa mita 5, fari fat kamar ƙanƙara, ruwa na malala a jikinsa yana walƙiya, shi ne ma tambarin kogon. Shi kam ba wanda yace ya yi kama da komai.

A wani lungu matar ta tsayar da mu tace kowa ya kashe waya, sai fitilu suka ɗauke. Ban taɓa sanin duhu ba sai ranar. Duhun dare ko na ɗaki in ka ɗan jima ido yana sabawa, wannan kuwa na ɗaga tafin hannuna har ya taɓa hancina ban ga komai ba, na rufe ido na buɗe duk ɗaya. Mutum wajen talatin kowa yai tsit, sai ƙarar ɗigo ta ko'ina, ɗis, ɗis, wani kusa wani can nesa, da wani gurnani ƙasa-ƙasa da ban tantance ko kogin ne ko jinin kunnena ba. Bai fi daƙiƙa ashirin ba amma tsikar jikina ta tashi, kuma ba ta sanyi ba ce. Da haske ya dawo ne ta ba mu labarin dodon, kuma ta iya zaɓar lokaci don a wannan minti ko me tace yana cikin kogon nan zan yarda.

Wai a da can akwai wani ƙaton dodo a ciki, in ya yi gurnani har gari ake ji, kullum sai an ba shi tumaki da maruƙa in ba haka ba ya fito ya ɗauki mutum. Jarumai suka gwada suka kasa. Sai wani yaro makiyayi mai suna Yakob yace a ba shi fatar ɗan maraƙi, ya cika ta da ƙonanniyar farar ƙasa, irin wadda in ruwa ya taɓa ta take tafasa tana hayaƙi, ya ɗinke ya jefa masa. Dodo ya haɗiye ba tauna, ƙishi ya kama shi, ya gangara Pivka ya sha ruwa ya ƙoshi, cikinsa ya tafasa ya fashe. Aka jeme fatarsa akai wa yaron jaka. Abin da ya ba ni dariya daga baya shi ne farar ƙasar nan ai dutsen kogon ne da kansa aka ƙona, ruwan ma na kogon ne, duk wanda ya ƙirƙiro labarin nan ya san aikin gini, ya taɓa ganin yadda abin ke tafarfasa a rami.

To ƴaƴan fa? Suna dab da ƙarshen tafiyar, cikin wani dogon akwatin gilas da aka rage wa haske sosai, an hana filasha. Da farko ban ga komai ba sai duwatsu da ruwa, sai da abokina ya nuna min da yatsa. Wani abu ne siriri dogo kamar igiya, santimita 25 ko 30, fatarsa fara-fara da ɗan ja kamar ta tsaka, ko in ce kamar tafin hannun jariri, shi ya sa ma ƴan ƙasar ke ce masa kifin mutum duk da ba kifi ba ne, dangin kwaɗo ne. Kansa dogo a baje, ba ido, fata ta rufe wurin. A gefen wuyansa hagu da dama akwai wata geza ja kamar ƴan furanni, da ita yake numfashi a ruwa, kuma ita kaɗai ce ke ɗan motsi a jikinsa. Ƙafafu huɗu ƴan mitsi-mitsi, na gaba yatsu uku na baya biyu, na ƙirga da kaina. Ya ɗora haɓarsa a kan dutse ya yi lamo. Na tsuguna har numfashina yana dushe gilas ina jira ya motsa, abokina yace Malam kar ka wahalar da kanka, ba ka ga na ɗigon ba?

Da gaskiyarsa. Wannan halitta tana iya kai shekara 100, tana iya yin shekara 10 ba ta ci komai ba, macen kuma sai kamar bayan shekara 12 take ƙwai sau ɗaya. Masu bincike a wani kogo a Bosniya sun bi wata sun tarar shekara bakwai tana wuri ɗaya. A nan Postoina a watan Janairun 2016 wata ta fara saka ƙwai a cikin akwatin da ake nuna wa baƙi, ta saka 64, aka kwashe wata huɗu ana gadi kamar haihuwar ƴar sarki, sama da 20 suka ƙyanƙyashe, labari ya zaga duniya. Ba ta gani amma tana jin ƙamshi da motsin ruwa, har ɗan lantarkin da ke jikin abin da za ta ci tana ji. Dodon da na biyo tun daga gada kenan, ko cizo ban ga alamar zai iya ba.

Sai dai a gaban gilas ɗin ne na janye dariyar da nai wa dattijon nan. Ka sa kanka a matsayin manomi a yankin nan shekara 400 baya. Dutse yana gurnani in an yi ruwa, da sanyin hunturu kana ganin tururi na fita daga ramuka kamar numfashi, kogi guda ya shige ƙasa ba a san inda ya tafi ba, sannan bayan ambaliya ka je bakin marmaro ka tsinci wani abu mai jikin maciji da ƙafafu huɗu da jan abu a wuya kamar fukafukan da ba su gama fitowa ba, ido ma bai buɗe ba, komai nasa na jariri ne. Me za ka ce? Jariri dai yana da uwa, kuma uwar tana inda ya fito. A wajena wannan ba wauta ba ce, lissafi ne da abin da ke hannu. Wani masani ɗan ƙasar, Valvasor, ya rubuta a 1689 cewa kusa da Vrhnika, garin nan da muka wuce ban kalla ba, akwai wani marmaro da ke ɓulɓulo da ruwa ya ɗauke ya sake ɓulɓulowa, mutanen wurin suka ce masa dodo ne a ciki, in ruwa ya taru ya dame shi sai ya motsa ya tunkuɗo shi waje, har suka ce an kama ɗansa. Yanzu an san rami ne a cikin dutsen mai lanƙwasasshiyar mafita, sai ya cika ya kai wuya sannan ya zuƙe kansa gaba ɗaya, kamar yadda ake zuƙo mai daga tankin mota da tiyo. Bayanin ya canza, amma duk abin da suka ce sun gani, sun gani ɗin. Sai a 1768 wani likita a Biyana babban birnin Ostiriya, Laurenti, ya ba halittar sunan kimiyya, Proteus anguinus.

Daga nan muka faɗa babban zauren da ake kiɗa a ciki, an ce yana ɗaukar mutum 10,000, wani yaro yai ihu muryarsa ta yi ta yawo tana dawowa. Har gidan waya aka buɗe a ƙarƙashin ƙasar a 1899. Ni a lokacin haƙorana sun fara kaɗawa, yatsuna ba sa iya danna waya, abokina ya tausaya ya buɗe min gefen mayafinsa muka shiga jirgi a ƙudundune kamar ƴan tagwaye, bai ce komai ba amma dariyar da yake dannewa ta fi magana ciwo. Muna fitowa rana ta dake ni naji kamar an rungume ni, gilashin idon abokina kuwa nan take ya yi hazo.

Da yamma muka ƙarasa Predyama, kilomita 9 daga nan, sunan ma'anarsa gaban kogo, wata fada ce da aka cusa a bakin rami a tsakiyar wani dutse mai tsayin mita 123, ba ka gane inda gini ya ƙare dutse ya fara. Labarinta na wani jarumi ne ɗan fashi, Erazem, da sojojin sarki sukai wa ƙawanya shekara guda da kwana ɗaya, suna jira yunwa ta fito da shi, shi kuwa yana da ɓoyayyar hanya ta cikin kogon yana fita ya dawo, har ƴaƴan itace sabbin tsinka yake jefo musu don cin fuska. A ƙarshe wani baransa aka saya, ya kunna fitila a taga daidai lokacin da maigidan ya shiga bayan gida, wanda shi ne ɗakin da bangonsa ya fi rauni, aka saki igwa. A 1484 akai wannan inji su. Na leƙa ɗan ɗakin, ban daɗe ba na fito.

Mun koma Lubliyana bayan magariba, hanyar masaukinmu ta kan Gadar Dodo take. Na buɗe waya in ga hotunan da na ɗauka, rabi baƙi ne, rabi sun yi dishi-dishi, na ɗan dodon kuwa in ba an faɗa maka ba cewa za kai igiyar takalmi ce ta faɗa ruwa. Muka jingina da ƙarfen gadar ƙarƙashin ɗaya daga cikin manyan na tagulla, abokina yana duba taswira, sai yace kai mutumina zo ka gani. Ashe Pivka da muka ga ta shige dutse da safe tana fitowa a wani kogo a Planina da sunan Unica, ta ɗan yi tafiya a fili ta sake nutsewa, sannan ta ɓullo a Vrhnika da wani sunan, Lubliyanica, shi ya sa suke ce mata kogi mai suna bakwai. Ita ce wannan da ke wucewa ƙarƙashin ƙafafunmu, kore-kore, fitilun gidajen shan shayi suna rawa a kanta. Na leƙa sosai ko zan ga wani abu fari siriri yana bin ruwa, wani jirgin ƴan yawon buɗe ido ya zo ya wuce ya dama wurin, atishawa ta farko ta kubce min, abokina ya miƙo min hankici.